San Huɗa a Faretin Gidan Shuɗi

Duk wanda ya yi karatu a Sakandaren Tudun Gawo, can kan hanyar Birnin Kudu zuwa Gwaram, ya san makon tsofaffin ɗalibai. Da damina ta fara ja da baya, ciyawa ta kai gwiwa a bayan ragar ƙwallo, sai a aiko mana mu koma. Mu shiga ajin da muka bari mu matse tumbinmu a benci. Mu shiga ɗakin cin abinci a zuba mana gabza, tuwon makaranta, da miyar kuka, muna santi kamar ba mu ne muka riƙa tsine mata a da ba. A buga ƙwallo tsakaninmu da yara, su lallasa mu, mu ce alƙalin wasa ne. Ranar Asabar kuma a rufe da fareti. Gida huɗu ne a makarantar, Ja da Kore da Rawaya da Shuɗi, kuma tsofaffin kowane gida ne ke fitowa cikin farar riga da gajeren wando, su zagaya fili, su sara wa manyan baƙi a rumfa.

Faretin ba shi ne abin tsoro ba, hukuncin da ke bayansa ne. Al'ada ce tun zamanin shugaban makaranta na farko: kyaftin ɗin gidan da ya zo na ƙarshe a miƙa masa langalanga, ya duƙa ya yanke ciyawar bayan raga daga wannan kusurwa zuwa waccan, a gaban ɗalibai da malamai da matan aure, kamar ɗan aji ɗaya da ya makara.

Ni ɗan Gidan Shuɗi ne, kuma ba na alfahari da faɗin cewa mun daɗe muna riƙe da ƙarshe. Kyaftin ɗinmu na bara, babban ma'aikaci ne a Dutse, tun da ya yanke ciyawar nan bai sake ɗaga wayar ɗayanmu ba. Saboda haka bana da muka zauna a inuwar mangwaro don zaɓen sabo, kowa ya sunkuyar da kai yana latsa waya. Wannan ya ce gwiwa, wancan ya ce hawan jini. Sai Ɗan'azumi, mai shagon kayan babur a Birnin Kudu, ya miƙe yana gyara hula.

"Ku ba ni gidan nan," in ji shi. "Wallahi kunya kuke ba ni. Ni da na riƙe sandar fareti a makarantar nan har mutanen gari suna rufe shago su zo kallo!"

Iyakar sanina, abin da Ɗan'azumi ya riƙe a zamaninmu bokitin ruwa ne, yana bin 'yan gudu da moɗa. Amma babu wanda ya tuna masa. Muka yi tafi, muka ɗaga hannunsa da sauri kafin ya sake shawara.

Labari bai kwana ba ya isa kunnen Yunusa, kyaftin ɗin Gidan Ja, mai sayar da taki da maganin feshi, wanda shagonsa ke kallon na Ɗan'azumi. Washegari sai ga shi a ƙofar shago da sabuwar langalanga da dutsen washi, yana wasawa yana 'yar waƙarsa.

"Kai mai maganin feshi, me ya haɗa ka da langalanga?" in ji Ɗan'azumi daga tsallaken titi.

"Ta wani maƙwabcina ce. Ba na so ya sha wuya, shi ya sa nake wasa masa."

"To ka ajiye ta kusa, hannunka za ta dawo."

"Mutumina, ka dai fara gwada duƙawa da safe. Bayan magidanci ba ya son ba-zata."

Ɗan'azumi ya yi tsaki, ya kira mu taron gaggawa a shagonsa, ya sa aka turo ƙofa don kada sirri ya fita.

"Kowane gida da me yake fitowa? Tuta. Ƙyalle a kan gora. To mu da sa za mu fito. Sa mai rai, shuɗi tun daga ƙaho har jela. Ni a gaba da sanda, shi a bayana, ku a bayansa. Duk inda ya sa ƙafa ku sa taku, kada wanda ya dubi wani wuri. Alƙalai suna ganinsa za su miƙe tsaye."

Alhaji Maikano, dillalin hatsi daga Gwaram, wanda ya fi kowa jiki a gidanmu, ya share gumi ya ce, "Ɗan'azumi, a ina aka taɓa ganin shuɗin sa?"

"Shi ya sa za mu ci, Alhaji. Ba a taɓa gani ba."

Ni na raka shi ƙauyen Surko wurin ƙanin mahaifinsa, Baffa Buba, mai shanun huɗa biyu, fari da baƙi. Farin ana ce masa Kindirmo, baƙin Duna. Muka same shi a gindin ɗorawa yana tufkar igiya. Bayan doguwar gaisuwa Ɗan'azumi ya faɗi abin da ya kawo shi.

"Baffa, aron Kindirmo na zo."

"Noma za ka koma?"

"Makaranta zan kai shi."

Baffa Buba ya dube shi sama da ƙasa. "Kai da ka je, me ka samo?"

Da aka yi masa bayani, tsohon ya girgiza kai, amma tunda an gama huɗa shanun na zaune, ya yarda. "Sai dai ka tafi da su duka. Tun suna maruƙa a karkiya ɗaya suke, Duna a hagu, shi a dama. Kindirmo ba ya ɗaga ƙafa sai ya ji kafaɗar ɗan'uwansa. Sannan ka kiyayi fito a kusa da shi, don da fito nake juya su idan sun kai ƙarshen kunya."

"Baffa, baƙi ba ya ɗaukar shuɗi. Me zan yi da shi?"

"Ka ji abin da na ce kuwa?"

"Na ji, Baffa. Ni da na juya ɗalibai fili guda da sanda ɗaya, sa ɗaya ne zai gagare ni?"

Da ƙyar aka cusa Kindirmo a bayan a-kori-kura, mutum shida na turawa. Muka kama hanya yana kuka, Duna na amsa masa daga turke, har muka daina jin su.

Murja, matar Ɗan'azumi, ta dawo daga unguwa ta tarar da sa a tsakar gidanta yana shinshina tukunyar miya. Ta tsaya cik a bakin zaure.

"Baban Khairiyya, mene ne wannan?"

"Nasara ce ta shigo gidanki. Ina bular wankinki?"

"Bulata? Ta fararen kaya ce fa."

"To shi baƙi ne?"

Bular Murja ba ta isa ko tozo ba. Sai da aka kwashe ta shagunan unguwa kaf, aka dama a baho, Ɗan'azumi ya naɗe hannun riga ya hau aiki da soso da tsintsiya. Kindirmo ya yi haƙuri har aka gama gefe ɗaya. Da aka koma ɗaya gefen sai ya girgiza jikinsa, ruwan bula ya fantsama kan shanyar Murja da garin da ta baza a tabarma da wata kaza da ke wucewa. Ya je ya goga haƙarƙarinsa a bango, rabin aikin ya koma jikin bango. Ɗan'azumi ya zagaya baya zai shafa jela, jelar ta zabga masa mari a fuska. Da aka gama, dama ta yi shuɗi sosai, hagu ta yi fari-fari kamar tsohon zani, fuska kuwa ya hana a taɓa.

Inna Mero, maƙwabciyarsu, ta leƙo ta kan katanga ta dafe ƙirji. "Innalillahi! Wace cuta ce ta kama dabbar nan? Ku kira malamin dabbobi mana!"

"Ado ne, Inna."

"Kai ma adon ne a fuskarka?"

Yara suka cika zaure suna leƙe, wani ya ruga yana shelar cewa an kawo san aljanu gidan mai kayan babur. Murja ta kore su, ta dawo ta tsaya kusa da mijinta, ta rage murya.

"Malam, don Allah ka bar wannan abu, ka yi faretinka kamar kowa. Ni fa a rumfa zan zauna tare da matan abokanka. Ba zan iya kallonka duƙe da gajeren wando yara suna yi maka ihu ba."

"Ke dai ki ɗaura shuɗin ɗankwali ki zauna a sahun gaba. Za ki ga sa yana bin mijinki taku-taku, gida guda na bin sa. Ranar za ki san wa kika aura."

"Na daɗe da sani," in ji Murja, ta shiga kwashe shanyarta.

Ranar Asabar fili ya cika ya batse. An ja layuka da farar ƙasa, an kafa rumfuna, masu ganga da bigila sun jeru, ɗaliban kowane gida na gefe guda suna kaɗa ƙyallensu. Mu kuwa, magidanta da furfura, kowa na jan gajeren wandonsa ƙasa yana ƙoƙarin rufe gwiwa. Alhaji Maikano kaɗai aka ɗaga wa ƙafa, don tela ya gwada ya kasa, sai ya zo cikin baƙar jallabiya. Gidan Ja suka wuce tsaf, Yunusa na gaba kamar soja. Kore suka wuce, Rawaya suka wuce, duk suka je suka jeru a tsakiyar fili. Aka kira Gidan Shuɗi.

Da aka sauko da Kindirmo daga mota, fili ya yi tsit, sannan ya ɗauki sowa. Ɗan'azumi ya kumbura. Ya tsaya a gaba da sandarsa da ya naɗe da shuɗin ƙyalle, ya buga ƙafa, ya daka tsawa.

"Gidan Shuɗi! Lef-rai! Lef-rai!"

Ya yi gaba. Kindirmo bai motsa ba. Mu ma da aka ce mu bi shi ba mu motsa ba.

Ɗan'azumi ya dawo ya ja igiyar hanci. Kindirmo ya kafe ƙafafu, ya juya kai hagu yana neman abin da ba ya nan. Aka ja, aka lallasa, aka tafa masa a gindi. Ɗaliban Gidan Ja suka fara waƙa suna tafi, "A tura! A tura! Ba batir!" Muka sa hannu muka tura, tafukanmu suka yi shuɗi, sa bai gusa ba.

Nan Alhaji Maikano ya fusata. "Ku matsa ku ba ni wuri!" Ya zagayo ta hagu ya jingina kafaɗarsa da ta Kindirmo zai tura. Kindirmo ya juyo ya shinshina baƙar jallabiyar, ya ja dogon numfashi, ya ɗaga ƙafa ya kama tafiya a natse. Alhaji ya ja gefe yana karkaɗe hannu, sa ya tsaya cak.

"Alhaji, koma!" in ji Ɗan'azumi. "Kada ka matsa! Ya ɗauke ka Duna ne!"

"Waye kuma Duna?"

Na ce masa, "Wani babba ne a Surko, Alhaji. Kowa na ganin girmansa."

Alhaji ya koma, ya naɗe igiyar a hannunsa, kafaɗa da kafaɗa, aka tashi. Ba zan ɓoye ba, na ɗan lokaci abin ya yi kyau. Ganga na tashi, yaran gidanmu na tsalle suna kiran "Shuɗi! Shuɗi!", Murja ta miƙe tsaye a rumfa da ɗankwalinta. Kindirmo ya shiga tsakanin fararen layuka biyu ya miƙe sak, don shi a wurinsa kunya ce aka ja masa, kuma san Baffa Buba bai taɓa karkata kunya ba.

Matsalar ita ce hanyar fareti tana lanƙwasa ta nufi rumfar manyan baƙi. Ɗan'azumi ya bi lanƙwasar yana juya sanda, ƙirji a gaba, bai waiwaya ba. Kindirmo ya zarce kai tsaye da Alhaji Maikano, mu kuma muka zarce a bayansa, tunda haka kyaftin ya umarta. Ɗan'azumi ya iso gaban rumfa shi kaɗai tilo, ya cilla sanda sama ya cafe, ya sara, ya yi ihu da iya ƙarfinsa.

"Gidan Shuɗi! Ido dama!"

Shugaban makaranta ya leƙa bayansa, ya dubi mataimakinsa. Wata daga cikin matan rumfa ta ce, "Maman Khairiyya, ina sauran?" Ɗan'azumi ya ji dariya ta yi yawa, ya waiwaya, ya hango gidansa can sun doshi katangar makaranta a bayan Kindirmo.

Malam Saifullahi, malamin wasanni, ya ruga yana ɗaga hannu don ya dawo da mu, ya sa usur a baki ya hura. Kindirmo na jin fito ya san an kai ƙarshen kunya. Ya juya a wurin, ya kewaye Alhaji Maikano kamar turke, ya matsa layi na gaba, ya fuskanto mu da ƙahonninsa. Ban san magidanta na da gudu haka ba. Mai ciwon gwiwa ya riga kowa isa gindin mangwaro.

"Ku fita daga nan!" in ji Malam Saifullahi, ya sake hurawa. Kindirmo ya sake juyawa, ya matsa layi ɗaya, ya miƙe.

"Malam, ka daina hura abin nan!" Alhaji Maikano ke nan, yana haki, igiya ta sarƙe masa hannu, gefen jallabiyarsa da gemunsa sun yi shuɗi da gumin Kindirmo.

"Me ka ce?" Fiiit!

Haka suka yi ta kai da kawowa, layi bayan layi, ba su tsallake ko ɗaya ba. Ɗan'azumi na biye da su da gudu yana kaɗa sanda yana faɗin, "Nan, Kindirmo! Rumfa na nan!" Da suka iso kan Gidan Ja, sahu ya dare biyu ya ba su hanya, Yunusa ya ƙame ya sara wa san. Wani dattijo daga Fagam da ya zo kallon jikansa ya gyaɗa kai ya ce, "Kai, wannan sa ya iya aiki. Na hagun ne dai bai ƙware ba." Ba a samu lafiya ba sai da ƙafafun Alhaji suka ƙi, ya zauna daɓas a ƙasa. Kindirmo ya ga abokin aiki ya huta, shi ma ya tsaya.

Alƙalai ba su wahala ba. Ja na ɗaya. Shuɗi na ƙarshe, da bayanin cewa kyaftin ya wuce ta gaban rumfa amma gidansa bai wuce ba. Yunusa ya fito da langalangarsa naɗe a jarida, ya miƙa da hannu biyu.

"Na wasa ta da kyau, maƙwabci. Ba za ta ba ka wuya ba."

Ɗan'azumi ya buɗe baki zai mayar, sai idonsa ya kai rumfa. Murja ta zauna, ta ja mayafi ta rufe fuskarta. Ya karɓi langalangar, ya ajiye sandarsa a ƙasa, ya taka zuwa bayan raga shi kaɗai. Wallahi tausayinsa ya kama ni, har na ji haushin kanmu da muka ɗaga hannunsa. Ya duƙa, wando na ƙara, ya fara sara.

A cikin hayaniyar an manta da Kindirmo. Alhaji ya kwance igiyar ya jefar, kuma tun jiya san bai ci abin kirki ba, don Ɗan'azumi ya hana a ba shi kada ya ɓata fili. Ƙamshin ɗanyar ciyawa ya doke shi, yunwa ta mantar da shi Duna. Ya ratsa fili shi kaɗai, ya tsaya daidai bayan Ɗan'azumi, ya sa baki. Ɗan'azumi ya sara ya yi taku ɗaya, Kindirmo ya lashe ya yi taku ɗaya. Sara, taku. Sara, taku. Mai babbar ganga ya lura, ya fara buga musu daidai da saran. Yaran gidanmu suka ɗauki tafi. Ban san wa ya fara ba, sai ganinmu na yi mun fito daga gindin mangwaro mun jeru a bayan san, har Alhaji Maikano da ɗingishinsa, muna lef-rai a hankali, kuma ban taɓa ganin ƙafafunmu sun daidaita irin na lokacin ba. Manyan baƙi suka miƙe tsaye don su gani da kyau. Murja ta sauke mayafi, tana dariya tana share hawaye.

Ɗan'azumi ya leƙa ta ƙarƙashin hammatarsa, ya ga sa a bayansa, ya ga gida guda a bayan san, ya ga rumfa a tsaye. Nan take ya miƙe, shuɗin gumi na zuba daga goshinsa, ya ɗaga langalanga sama.

"Maman Khairiyya! Me na faɗa miki? Yana bi na ko ba ya bi na?"

"Yana bin ka, Malam," in ji Murja daga rumfa. "Ka duƙa dai, saura rabin fili."